Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Nuna Min Fagge a Nan

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya tashi da keken ɗinkinsa daga zauren gidanmu, ya kama shago a bakin titi cikin Fagge. Da niyyata yau in wuce kai tsaye zuwa shigata sakandare, sai na ga idan na tsallake 1981 na ha'inci labarin. A shekarar ne na yi wata ƙarya wadda har yau, da furfurata da jikokina, idan na tuna da ita sai na sunkuyar da kai.

Ni ɗan UPE ne, shirin gwamnati na ilimin firamare kyauta ga kowa. Cikin ayarin yaran da aka kwasa aka zuba a firamare a 1976 aka sa ni, ina da shekara bakwai, a kan ƙin son Baba, wanda ya ce allo ya ishe ni. Kafin in kai aji huɗu karatu ya zame min kamar ciwo. Ba littafi ne da mu a gida ba, don haka duk abin da aka rubuta da boko karanta shi nake: jikin gwangwanin madara, bayan motar haya, allon shaguna. Idan Inna ta aike ni sayen ƙosai, ba na yarda a yar da takardar da aka ƙunso shi. Sai in baje ta, mai ya jiƙa rabinta, in karanta labarin da ba shi da kai ba shi da ƙafa, in ƙarasa sauran da kaina. Ina jin daga nan cutar ta samo asali.

Shagon Baba kuwa, daga la'asar sakaliya ya tashi daga shago ya koma majalisa. A shimfiɗa tabarma biyu, a fito da rediyo, a bi tasha-tasha: Kano, Kaduna, in lokaci ya yi a kamo Landan. Su Baba duk sun yi karatun allo, suna rubuta wasiƙa da ajami, amma boko sai dai su kalle shi. Da suka gane ina iya haɗa baƙi, sai aka naɗa ni mai karanta jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo ba ta ba ni wahala, Hausa ce, kuma ko na yi tuntuɓe akwai mai gyara min, don kunnensu ya san yadda magana take tafiya. Matsalar tana ga New Nigerian. Turancin ɗan aji biyar ne da ni. In karanta layi uku, in gane kalma biyar, in haɗa musu ma'ana. Su kuma su gyaɗa kai su ce, "Ka ji fa, jarida ce ta faɗa."

Sai na ɗan yi wa yaran yanzu bayanin yadda gari yake a lokacin, in ba haka ba ba za su gane nauyin abin ba. A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, mai alamar mabuɗi, ta ci jihohi biyu: Kano ta Muhammadu Abubakar Rimi, Kaduna ta Balarabe Musa. Shugaba Shagari da jam'iyyarsa NPN suna sama a Legas. Rimi na hawa ya soke haraji da jangali, abin da talaka ya daɗe yana kuka da shi tun zamanin Turawa. Ba a je ko'ina ba jam'iyyar ta dare gida biyu. Gwamnonin suna zama da takwarorinsu na jam'iyyun UPN da GNPP, uwar jam'iyya ta ce ba da yawunta ba. Waɗanda suka bi gwamnoni aka ce musu 'yan Santsi, wai santsi ya kwashe su. Waɗanda suka tsaya tare da Malam aka ce musu 'yan Taɓo, wai sun kafe. Abin ya shiga gidaje. Na san auren da aka fasa a layinmu saboda uban yarinya Taɓo ne, uban yaro Santsi.

A majalisarmu mutum biyu ne suke riƙe da tutar kowane ɓangare. Na farko Kawu, ƙanin Inna, wanda ya taso a ƙauye. Shi Rimi ya gama masa komai. Yana yawan ba da labarin yadda mahaifinsu yake kwana a cikin rumbu idan masu karɓar haraji sun shigo gari, da shekarar da aka sayar da akuyar tsohuwarsu aka biya. Idan ya zo wurin akuyar muryarsa har rawa take. Na biyu wani dattijo mai sayar da fata, aminin Baba, Alhaji kawai muke ce masa. Shi tun NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam, yake tare da shi, tun ana kama mutum a kai shi gaban alƙali don ya halarci lacca. Ba shi da yawan magana. Idan Kawu ya cika baki sai ya ce, "Yaro, lokacin da ake dukanmu a kan harajin nan, gwamnanka yana makaranta." A yi dariya, a kira magariba, su tashi su yi sahu ɗaya.

Kawu yana da wata ɗabi'a. Duk ranar da labarin da na karanta ya yi masa daɗi, sai ya zaro sule, wato kwabo goma, ya danƙa min. Sule a lokacin ba abin wasa ba ne ga yaro, ƙosai ne da kunu har da canji. A hankali na gane irin labarin da yake jawo sule da irin wanda ba ya jawowa. Na fara da ƙara gishiri kaɗan. In jarida ta ce an yi taro, in ce an yi gagarumin taro. Babu wanda ya kama ni.

Ranar da abin ya faru, Alhaji bai fi sati da sayen sabuwar Vespa ba, shuɗiya, ko ledar kujerar bai cire ba. Ya kafe ta a gefen shago. Aka miƙo min jarida, na sami wani ɗan guntun labari a kan rikicin PRP, bai fi tafin hannuna ba, rabinsa ma ban gane ba. Na fassara abin da na iya. Na ɗaga kai na ga Kawu ko motsi bai yi ba. Sai idona ya faɗa kan babur ɗin nan yana ƙyalli. Wallahi ban shirya ba, bakina ne kawai ya tafi. Na mayar da ido kan takarda kamar mai karatu, na ce, "Sun kuma ce an raba wa wasu 'yan Taɓo na Fagge Vespa daga NPN."

Keken Baba ya tsaya. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba a bakin titin Fagge. Babu wanda ya kalli Alhaji, kuma wannan rashin kallon ya fi kallo ciwo. Kawu ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce, "Allah Sarki, ashe taɓon ma yana da santsi." Alhaji bai ce uffan ba. Ya naɗe buzunsa, ya sa takalmi, ya kama babur. Bai tayar da shi ba. Turawa ya yi da hannu har ya sha kwana. Ranar sule biyu Kawu ya ba ni.

Kwana tara Alhaji bai zo ba. Magana kuwa ta zaga unguwa, ta dawo mana da ƙari: wai ba babur kaɗai ba, har da kujerar Makka. Mutumin da ya sha ɗauri bai sayar da ra'ayinsa ba, ga shi yara suna yi masa waƙa a hanyar masallaci.

Ashe Baba ya ɗauke jaridar ya sa a aljihun keke, inda yake ajiye allura da zare. A dare na tara, bayan kowa ya watse, ya kira ni. Ya baje ta a kan teburin yanka, ya matso da fitila. Ya ce, "Ɗan nan, ni ban yi boko ba. Amma shekara nawa ina ganin sunan unguwar nan a jikin allon shagona, ni na biya aka rubuta. Na san kamanninsa, akwai wasu tagwaye masu jela a tsakiya. Nuna min Fagge a nan."

Na sa yatsa ina bin layi. Na bi na sake bi.

Ya ce, "To bar shi. Na je na tsaya a gaban babur ɗin Alhaji na kalli abin da aka rubuta a jikinsa. Nuna min Vespa."

Na fashe da kuka. Na zaci ɗan karen duka zan sha, don Baba ba ya wasa da tsumagiya. Bai taɓa ni ba. Ya naɗe jaridar ya ce in kwanta, da asuba akwai tafiya.

Bayan sallar asuba ya tasa ni gaba, ya biya ya ɗauko Kawu, muka yi sallama a zauren Alhaji. Baba ya ce in karanta labarin da Turancinsa, kalma-kalma, yatsana a kai, in faɗi wadda na sani, wadda ban sani ba in ce ban sani ba. Na ƙirga daga baya, sau goma sha ɗaya na ce ban sani ba. Da na kai ƙarshe Baba ya ce, "Saura." Na ce babu saura. Ya ce, "Babur ɗin fa?" Na ce ni na ƙara.

Kawu ya rasa inda zai sa kansa. Ya durƙusa yana, "Alhaji, a yafe ni, sharrin Shaiɗan ne." Alhaji bai kula shi ba, ni yake kallo. Can ya juya baya ya ɗaga rigarsa. Akwai wasu layuka farare a gadon bayansa, sun tsufa sun shafe, amma ana gani. Ya sauke riga ya ce, "Wannan an yi min ne a kan maganar da na faɗa, kuma na faɗe ta, ban ji ciwo ba. Taka ce ta yi min ciwo, jikana." Kuɗin babur ɗin, ashe, na fatun da ya tara tun babbar sallar da ta wuce ne.

Hukuncin da ya yanke min shi ne kowace Juma'a bayan an sauko in je in karanta masa jarida shi kaɗai. Sharaɗi ɗaya: inda ban gane ba in tsaya. Ya saya min ƙaramin ƙamus a bakin kasuwa, ya ce mu nema tare, shi da bai san harafin boko ko ɗaya ba. Haka muka bi labarin tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981. Ranar Juma'a 10 ga Yuli ce kaɗai ban je ba, ranar da gari ya kama da wuta bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero. Aka ƙona gidan rediyon jiha da wasu gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Inna ta kulle mu a ɗaki, muna hango hayaƙi ta taga. Da na je mako na gaba, Alhaji, ɗan Taɓo na gidi, ya sa na karanta masa labarin kisan sau biyu, ya daɗe yana salati. Ya ce, "Ba wannan muka sha duka a kai ba."

A nan sai in faɗa muku wani abu da ya faru da ni a wannan makon, don ku san da wa kuke tafiya. Da biro nake rubuta labarin nan, 'yata ta uku ce take buga min a waya. A rubutun farko na sa cewa Malam Aminu ya rasu cikin azumi. Na rantse zan iya, har ƙishirwar ranar nake ji a maƙogwarona. Yarinyar ta ce, "Baba, ka tabbata?" Na ji haushi, na ce ina wurin, ke kina ina? Ta yi shiru ta bincika. Malam ya rasu ranar Lahadi 17 ga Afrilu 1983, azumin shekarar kuwa sai a watan Yuni aka kama shi. Tarzomar Yulin 1981 ce ta faɗo cikin azumi. Ƙwaƙwalwata ta ɗauki ƙishirwar wata rana ta liƙa wa wata, shekara arba'in ina ba da labarin haka a majalisu, babu wanda ya ce min nuna min. Da na aika muku shi a haka, wani zai kwafa ya tura wa mutum ɗari, ya ce dattijon da ya gani da idonsa ne ya faɗa. Shi ya sa wani lokaci kashi yake makara, masu yi min ƙorafi ku yi haƙuri. Akwai abubuwa biyu ma da na cire daga wannan kashin saboda na nemi inda zan ɗora yatsa na rasa.

Ranar rasuwar Malam ɗin dai ba a buɗe shago ba. Kowa ya nufi Gwammaja, unguwar da gidan Malam yake, Santsi da Taɓo da 'yan NPN, hanya ta cushe, ba ka jin komai sai salati. Baba ya hana ni zuwa, ya ce za a tattake ni. Ina tsaye a ƙofar gida sai ga Alhaji a kan Vespar nan, ta fara kwarzanewa, idonsa ja wur. Ya tsaya a gaban Kawu, wanda yake ta neman abin hawa bai samu ba. Bai ce masa komai ba, ya dai matsa gaba kaɗan. Kawu ya tattare babbar rigarsa ya hau baya.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin akwatin ƙarfen da Baba ya ciyo bashi ya saya min, da daren farko da na kwana a makarantar kwana, da yadda aka sace min ƙamus ɗin Alhaji tun kafin gari ya waye.