Tsohuwar kwamfutar gem: inda gyara ya kai da abin da ya rage

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka tsaya da wata tsohuwar kwamfutar buga gem da muke ta fama da gyaranta. Firosesarta Intel Core i5-4570 ce ta 2013, madabod (babban allon da sauran sassa ke hawa kai) samfurin H81, RAM (ma'ajiyar wucin gadi) DDR3 gigabait 8 sanda ɗaya, hadis (faifan ajiya, hard disk) mai juyawa, sai katin hoto GTX 750 Ti na 2014. Tun da kuɗin bai taka kara ya karya ba, ƙa'idarmu ɗaya ce: ba a sayen komai sai an auna an tabbatar shi ne ke riƙe wa na'urar ƙafa.

Awon ba ya cin ko sisi. A sa manhajojin awo MSI Afterburner tare da RivaTuner, a kunna gem ɗin da aka fi bugawa, a zuba wa lambobin da ke gefen allo ido. In katin hoto ya tsaya a kashi 97 zuwa 100 alhali firosesa tana da sauran sarari, katin ne ya gaza. In kuwa katin yana saukowa 60 ko 70 alhali ƙwayoyin firosesa (cores) huɗun duk sun cika, sabon kati ba zai yi magani ba. In hoto yana tsayawa cak na ɗan lokaci sannan ya ci gaba, a leƙa Task Manager na Windows. Galibi za a tarar RAM ta cika, Windows ta koma ajiye kaya a hadis, shi kuma ba ya iya bin saurin. A wannan na'urar, alamar farko da ta uku ne suka bayyana.

Kafin sayayya an fara da shara. A zare wayar wuta, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. In za a hura ƙura, a riƙe fanka da yatsa, kada iska ta juya ta fiye da kima. Tsohon man da ke tsakanin firosesa da abin sanyaya ya bushe ya zama ɓawo, sai a goge shi da sinadarin isopropyl, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen mayar da fankar Intel ta asali mai ƙafa huɗu. Kowace ƙafa tana da farin harshe rababbe biyu. Dole duka biyun su shige ramin madabod kafin a danna baƙin kan, kuma a riƙa danna biyu masu fuskantar juna a karkace har a ji ƙas. Ƙafa ɗaya ta ƙi zama, abin sanyaya zai karkace, zafi ya doshi digiri 100, firosesa ta rage gudu don kare kanta.

Sayayyar farko SSD ce (ma'ajiya marar faifai mai juyawa) mai bakin haɗi na SATA, gigabait 500. Tana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, hadis kuwa bai cika wuce 150 ba. Ku sani ba ta ƙara yawan firam (hotunan da gem ke nunawa a daƙiƙa); buɗewar gem da tashin Windows take gyarawa. H81 na da ramukan SATA huɗu, amma biyu kaɗai ne masu gudun gigabit 6 a daƙiƙa, a karanta rubutun da ke jikin madabod a sa ta a ɗayansu. A tabbatar saitin SATA a BIOS (manhajar saitin madabod) na kan AHCI. Sannan a cire wayar tsohon hadis kafin a ɗora Windows, domin takan jefa fayilolin tashi a ɗaya faifan, ranar da aka cire shi sai kwamfuta ta ƙi tashi.

RAM an ƙara sanda ta biyu mai gigabait 8, aka cika 16, wanda shi ne iyakar H81. Ribar ba a yawa kaɗai take ba: sanda biyu suna buɗe hanya biyu zuwa firosesa, kuma manhajar CPU-Z za ta nuna ko hakan ya samu. In gudunsu ya bambanta, a kan na ƙasa za su daidaita. A bar manhajar gwajin RAM, MemTest86, ta zagaya kansu kafin a amince.

Yanzu ga wajen da ya kamata a nutsu, wato akwatin wuta (power supply) mai raba wa sassan kwamfuta lantarki. Shi ke yanke irin katin da za a iya sawa, kuma shi aka fi mantawa da shi. Kada a tsaya ga babbar lambar da aka buga a kwali. A duba takardar da ke manne a jikinsa, layin 12V, a ninka amfiya da 12. Akwatin da ke ba da amfiya 18 a wannan layin wat 216 ke nan, ko da an rubuta 450 a gefe. Ramin PCIe, inda kati ke zama a madabod, na ba shi wat 75, waya mai fil 6 ta ƙara 75, mai fil 8 ta ƙara 150. Wayar haɗi mai juya SATA zuwa fil 8 kuwa, don Allah a nisance ta. Bakin SATA wat 54 aka ƙera shi ya ɗauka, ya wuce haka sai ya yi zafi ya narke. Alamar akwatin da ya gaza sananniya ce: kwamfuta ta mutu ɗif ko ta sake tashi da zarar gem ya yi nauyi. A nan an canza shi da mai wat 500 mai fil 8 nasa na kansa. Kada kowa ya kwance akwatin wuta, yana iya riƙe caji ko bayan an zare shi daga soket.

Katin hoto na hannu ake nema. GTX 1060 mai gigabait 6 na cin wat 120, GTX 1660 Super na cin 125, RX 580 mai gigabait 8 kuwa 185. A ganina 1660 Super ya fi dacewa da wannan na'ura, saboda ƙarancin zafi da cin wuta in an kwatanta da RX 580. RX 6400 da RX 6500 XT sun fi sabunta, amma layin PCIe huɗu kacal gare su, ramin H81 kuma PCIe 2.0 ne, za su shaƙe. A kula da suna ma. GTX 1060 mai gigabait 3 ƙwayoyinsa 1152 ne, ba 1280 ba, kuma RX 580 2048SP a aikace matsayin RX 570 yake. Manhajar GPU-Z za ta fallasa duka biyun. A auna tsawon cikin akwatin kwamfuta kafin a biya, a gwada katin da gem mai nauyi na kamar rabin awa, a duba ko ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi na fitowa. Ranar sawa a goge tsohon direba (manhajar da ke tafiyar da kati) da manhajar DDU, a kuma jona wayar allo a jikin katin, ba a madabod ba.

Firosesa an bar ta tukuna. Ramin firosesa na wannan madabod, LGA1150, na karɓar i7-4790 ko Xeon E3-1231 v3, duka masu ƙwaya 4 da zare (threads) 8, sai dai wasu madabod na buƙatar sabunta BIOS, kuma a yi hakan tun tsohuwar firosesa na ciki. Abin da ya sa muka dakata shi ne SSD da akwatin wuta da kati duk za su bi mutum zuwa sabuwar na'ura, DDR3 da firosesar LGA1150 kuwa a nan za su tsaya. Ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar wannan zubin na Intel a hukumance. Idan kati ya shiga za a sake awo da gem ɗin farko, a saiti iri ɗaya. Sai an ga ƙwayoyin i5 sun cika katin na zaman jira, sannan za a waiwayi i7.