Kwana shida a bikin giyar 'yan sa-kai a wani ƙauyen Kembirij

Ranar Talata da hantsi na shiga jirgin ƙasa a tashar King's Cross ta Landan, kafin awa guda ta cika mun iso Kembirij. Tsakiyar Yuli ce, rana ta buɗe sosai. Ba shan giya ya fito da ni ba. So nake in ga da idona yadda mutanen ƙauye, waɗanda ba a biyansu ko sisi, suke haɗa bikin kwana biyu har su tara wa gidauniya kuɗi. Kafin motar ƙauyen ta tashi sai na taka zuwa Jesus Green, filin ciyawar da ke bakin kogin Cam. Nan ne reshen garin na CAMRA, ƙungiyar masu fafutukar kare giyar gargajiya ta ganga a Birtaniya, yake kafa tantunan bikinsa a watan Mayu, bikin da aka fara tun 1974, shekara uku da kafa ƙungiyar, kuma har yau 'yan sa-kai ne ke riƙe da shi.

Hanyar ƙauyen shimfiɗe take kamar faifai, gonakin alkama da sha'ir dama da hagu sun fara nuna. Na sauka da la'asar na tarar an riga an kafa tanti a filin wasan ƙauyen, motar kaya tana sauke ganguna talatin. Ranar Juma'a za a buɗe, amma tun Talata giyar ta iso, kuma dole ce ta sa.

Irin wannan giyar ba a tace ta, ba a kashe yis ɗin da ke cikinta, a cikin gangar take ƙarasa nuna. Gangar da aka fi amfani da ita suna ce mata firkin, tana cin galan 9, wato fayint 72, kusan lita 41. Kwantar da ita ake yi a kan kantar ƙarfe, a tokare ta da katako kada ta motsa. Tana da kafa biyu: ɗaya a cikinta ta sama, ɗaya a fuskarta inda za a buga famfo. A cikin giyar akwai wani sinadari da ake yi da jakar iskar kifi, shi ne ke jan yis ya kwanta a ƙasa, kuma yana bukatar awa 24 zuwa 48 ba a taɓa gangar ba.

Ranar Laraba da safe na tsaya kusa da dattijon da ke kula da ganguna. Ya huda toshin sama, ya cusa wani ɗan gajeren tsinken katako mai shan iska. Nan da nan kumfa ta fara tsattsafowa ta jikin tsinken tana tsuwa. Idan ta lafa sai ya cire shi ya sa na katako mai tauri, don sauran iskar ta zauna a ciki. Famfon kuwa da gudumar katako ake buga shi, bugu ɗaya mai ƙarfi. Wani saurayi ya yi wa tasa gangar bugun tsoro, famfon ya shiga rabi, giya ta yi feshi ta jiƙa shi har takalmi, fayint uku ko huɗu suka tafi a ciyawa. Dattijon bai yi faɗa ba, ya dai rubuta asarar a littafi.

Zafi shi ne babban abokin gaba. Digiri 11 zuwa 13 ake so, alhali cikin tanti a watan Yuli yana wuce ninkin haka. Don haka kowace ganga an ɗora mata bututun da ruwan sanyi ke zagayawa daga na'ura, an lulluɓe ta da riga mai kauri. Daren Laraba wuta ta yanke a layi ɗaya saboda an jona na'urori uku a soket guda, ganguna shida suka kwana da ɗumi. Giyar da ta yi ɗumi iskarta guduwa take, ta yi lami, ta yi saurin tsami. Tun daga ranar aka sa mutum biyu suna kwana a tantin da ma'aunin zafi.

Maganar takardu ba ta da tsawo amma ba a wasa da ita. A ƙarƙashin dokar lasisi ta 2003, ƙaramin biki yana iya tsayawa kan sanarwar wucin-gadi da ake kai wa ƙaramar hukuma, kuɗinta fam 21, aƙalla kwanakin aiki 10 kafin ranar, 'yan sanda da jami'an lafiyar muhalli suna da damar ƙi. Sharaɗin shi ne kada mutane su wuce 499 a lokaci guda, har da ma'aikata da makaɗa. Shi ya sa mai tsaron ƙofa yake riƙe da na'urar ƙirga ta hannu. Ba a sayar wa wanda bai kai 18 ba, duk wanda fuskarsa ta nuna bai kai 25 ba sai ya nuna shaida, kuma laifi ne a sayar wa wanda ya riga ya bugu. Ga inshora, ga masu agajin gaggawa, ga ban-ɗakin haya.

Wurin ma'ajiya na fi daɗewa, don a teburinta ne na gane inda ribar take fitowa. A takarda ganguna 30 fayint 2,160 ne. A zahiri laka da ɗanɗanawa da zubewa suna cin kusan biyar a kowace ganga, don haka da 2,000 take lissafi. In ka cire kuɗin giyar da tanti da na'urorin sanyi da tsaro, abin da cinikin ya bari bai taka kara ya karya ba. Kuɗin gidauniya daga masu ɗaukar nauyi yake zuwa. Tun watanni kafin biki ake bin masu sana'a na yankin, mai gyaran famfo, mai garejin mota, dillalin gidaje, kowa ya biya kuɗin ganga ɗaya, a manna sunansa a jikinta, a buga shi a littafin biki, a ba shi tikitin shiga. Wanda ya fi ƙarfi shi ke ɗaukar nauyin tambulan, a buga tambarinsa a jiki. Idan an ɗauki nauyin ganga, duk abin da aka sayar daga cikinta riba ce. Kuskuren da ta fi gargaɗi a kai shi ne buga sunan mutum a littafi kafin kuɗinsa ya shigo. Bayan biki bin bashin yana da wuya.

Ba a karɓar kuɗi a kantar zuba giya. A ƙofa ake sayen katin da aka zana wa gidaje-gidaje na kuɗi, mai zuba giya ya soke gwargwadon abin da aka sha. Wannan yana rage layi, yana hana kuskuren canji, kuma wanda katinsa bai ƙare ba yakan jefa ragowar a akwatin gidauniya idan zai fita. Akwai tikitin ƙuri'ar cin kyauta kuma, wanda doka ta ce a wurin bikin za a sayar da shi, kada a cire fiye da fam 100 na ɗawainiya da fam 500 na kyaututtuka daga abin da aka tara. Gudummawar tsabar kuɗi ta fi albarka, domin idan mai biyan haraji ya sa hannu a fom ɗin Gift Aid, gidauniya tana karɓo ƙarin kwabo 25 a kan kowane fam daga gwamnati. Tikitin ƙuri'a da kuɗin giya ba sa shiga wannan. Abin da ya fi burge ni shi ne allon da suka kafa a ƙofa mai ɗauke da sunan gidauniyar da bayanin cewa duk rarar ce za ta tafi can. A ganina duk mai tara kuɗi da sunan taimako wajibi ne ya faɗi wannan a fili.

Ranar Juma'a da rana, ana dab da buɗewa, wani ɗan sa-kai ya ja ganga ɗaya don ya gyara allon sunanta. Laka ta tashi, giyar ta yi duhu kamar ruwan gulbi, sai da aka rufe ta har Asabar. Da zarar an fara zuba daga ganga iska ke shiga, kwana uku ne iyakarta, shi ya sa ba su buɗe duka a daren farko ba. Sun ajiye goma don Asabar.

Lahadi da safe ganguna biyu na giya mai ƙarfi sosai aka samu da saura, don da zafi giya mai sauƙi mutane suka fi nema. Aka zubar, aka toshe kafofin, aka jera gangunan a bakin hanya, domin na kamfanoni ne, za su zo su kwashe. Ma'ajiya da mutum biyu suna ƙirga katunan akwatin gidauniya a kan teburi, kowa yana rubuta nasa adadin daban, lokacin da motar Kembirij ta tsaya na ɗauki jakata.