Tafiyar kwana uku don sayen a-kori-kura

Wata biyu na yi ina neman a-kori-kura ta hannu wadda za ta riƙa ɗaukar min kaya daga gona, domin kuɗin hayar mota ya fara cinye ribar. Ana nan sai wani dillalin motoci mai zaman kansa, a wani birni da ban taɓa zuwa ba, ya turo min hotuna goma sha biyu a waya. Toyota Hilux ce fara, mai ƙofa huɗu, ƙirar 2012, mai shan dizal. Mitarta na nuna kilomita 96,000. Ya ce in tura kafin alƙalami ya riƙe min ita, don akwai masu zawarcinta. Na kwana ina jujjuya hotunan nan, da safe na kai wa Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya haura shekara talatin yana kanikanci.

Ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo min wayar. "Duk daga sama aka ɗauke su," in ji shi. "Ina cikinta? Kifi a ruwa za ka saya, ɗana? Shirya mu je mu gani da ido."

Shi ya zaɓi motar dare, kuma ya hana ni gaya wa dillalin lokacin da za mu iso. A 'yar jakarsa babu komai sai tocila, da ɗan mayen ƙarfe, da farin tsumma, da kwali da ya naɗe don kwanciya a ƙasa, da wata 'yar na'ura da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ta karanto abin da kwamfutar mota ta adana. Awa goma sha ɗaya muka yi a hanya. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cinye gefen kwalta a wurare da dama, direba na ta kauce wa ramuka, fitilun manyan motoci na haske mana fuska. Ni na yi ta gyangyaɗi, amma duk farkawar da zan yi sai in ga Baffa idonsa biyu, yana sauraren kukan injin bas ɗin. Can cikin dare ya bayyana min dalilin wannan sammako. Injin da ya ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Wanda ke wahalar tashi, ko mai hayaƙi, ko mai ƙwanƙwasa, da sanyin safiya ake kama shi, kafin wani ya riga ka murza makulli.

Mun isa filin motocin rana ba ta gama fitowa ba. Fili ne da aka kewaye da waya, an zuba tsakuwa, motoci sun kai arba'in a jere, da wani ɗan ofis a kusurwa. Wani yaro na ta wanke su da bokiti. Farar Hilux ɗin na sahun gaba, ruwa na ɗiga daga jikinta, ta ma fi hoton kyau. Gabana ya faɗi don murna. Baffa kuwa tafin hannunsa ya ɗora a kan bonet, ya ji da sanyi, ya gyaɗa kai, sannan ya shimfiɗa kwalinsa ya shige ƙarƙashinta.

Ya fi minti ashirin a can. Ina jin ƙarar mayen ƙarfen yana manne wa abu yana saki. Daga baya ya kira ni in shigo. Ban taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba sai ran nan, kuma a nan na fahimci yadda aka gina a-kori-kura. Wasu dogayen ƙarafa biyu ne suka taho tun daga gaba har baya, an haɗa su da wasu a gicciye kamar tsani. Shi ne shasi. Injin, da gidan zama, da bodin ɗaukar kaya, duk ɗora su aka yi a kai aka ɗaure da kusoshi. Ana iya sauya ƙofa, a sauya bodi, har injin a sauya, amma in shasi ya lanƙwashe ko tsatsa ta ci shi, motar ta tafi.

Ya haska min wani wuri kusa da inda sifirin baya yake rataye. Duk sauran ƙarfen ya yi ƙura ja, ya dafe, amma nan wurin, kamar tsawon kamu biyu, baƙin fenti ne sabo yana sheƙi. "Ruwa ba ya tsami banza," in ji Baffa. Ya kama yatsana ya bi da shi ta kan fentin. Na ji wani tudu-tudu kamar tabon ƙuna. Walda ce. Da muka fito ya nuna min tazarar da ke tsakanin gidan zama da bodi: ta hagu yatsa biyu ke shiga, ta dama uku. A ƙofar baya ta dama mayen ƙarfen ya ƙi kamawa, ya zame ya faɗi a tsakuwa, alamar an cike wurin da fila an shafe da fenti. Motar ta taɓa shan mummunan duka daga wannan ɓangaren, kuma irin wannan ba ta daina cin taya da jan sitiyari gefe.

Abin da ya ƙarasa kashe min jiki yana cikin bonet. Injin nan, wanda ake kira 2KD, mai lita 2.5, da bel yake juya taimin ɗinsa, kuma ƙa'idar kamfanin ita ce a sauya bel ɗin a kilomita 150,000. Akwai ma fitila a dashbod da ke kunnuwa don tuni. To a jikin murfin bel ɗin akwai wata 'yar takarda da wani bakanike ya manna, mai ya jiƙa ta amma tana karantuwa: an sauya a 148,000. Motar da mitarta ke cewa ba ta kai dubu ɗari ba. Robar fedar birki kuwa ta cinye har ƙarfe ya leƙo.

Dillalin ya iso wajen ƙarfe takwas, dattijo mai sanyin magana. Muka gaisa, Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, zo ka ga wani abu." Ya duƙa ya karanta takardar, ya leƙa waldar, ya yi shiru. Sannan ya ce shi a gwanjo ya saye ta haka, mitar ma haka ya same ta, bai taɓa shiga ƙarƙashinta ba. Na yarda da shi, har yau kuma ina kan yarda. Mai irin wannan fili ba wakilin kamfani ba ne. Yana saye daga gwanjo, daga ma'aikatu masu rage motoci, daga mutanen da buƙata ta taso musu, ya wanke ya ajiye. Sau da yawa bai san tarihin abin da yake sayarwa ba. Ba ya ba da garanti, kuma da zarar ka fita daga ƙofar wayar nan, duk abin da ya ɓullo naka ne. Ban ga laifinsa a nan ba, don bai hana mu duba komai ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, saura kaɗan in tura kuɗin da na shekara uku ina tarawa a kan hoto goma sha biyu.

Na so mu juya tasha, raina duk a jagule. Baffa ya ce tunda mun sha wannan tafiya, a zaga filin. Akwai Nissan Navara ɗaya, da Mitsubishi L200 guda biyu, da Isuzu D-Max, duk ya leƙa su. Can sahun ƙarshe, jikin waya, ya tsaya gaban wata Hilux mai ƙofa biyu, ruwan toka, ƙirar 2011. Yaron bai ma kai ga wanke ta ba. Cikin bodinta duk ya lotsa, fentin ya kankare, akwai sauran siminti a kusurwoyi. Mitarta na nuna 212,000. Dillalin ya ce daga wani kamfanin gini ta fito.

A aljihun dashbod muka sami littafin sabis, shafi bayan shafi da hatimi da kwanan wata, lambobin na hawa a hankali har suka zo daidai da abin da mitar ta nuna. Baffa ya daɗe yana buɗa shi, kamar mai karanta wasiƙa daga gida.

Ya sa ni a kujerar direba, ya ce in murza makulli rabi kada in tayar. Fitilun dashbod duka suka kama, har da ta injin da ta hita. Ya ce wannan ma gwaji ne, domin akwai masu cire ƙwan fitilar injin don kada ta tona asiri. Ya zaga baya ya tsuguna wajen salansa da farin tsummansa, ya ɗaga min hannu. Bugu ɗaya ta tashi. Ɗan hayaƙi ya fita ya washe. Shuɗin hayaƙi, in ji shi, injin na cin baƙin mai ne. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan ta ɗumama, ruwa na shiga inda bai kamata ba. Baƙi kuma, yawanci nozul ne ko iska ba ta isa. Ya kwance murfin baƙin mai ya duba cikinsa ko akwai wani kumfa mai kama da madara, alamar gaskit ya ƙone, babu. Ya ɗora murfin a bakin ramin bai ɗaure ba, injin na aiki. Murfin ya ɗan yi rawa a wurinsa amma iska ba ta ture shi ba, wato ringin injin ba su cinye ba tukuna. Na'urarsa ma ba ta karanto komai ba.

Sai lambar shasi. Haruffa da alƙaluma 17 ne, kuma ba a sa I da O da Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Mun same ta a buge a jikin ƙarfen ta hannun dama, Baffa ya goge ta da tsumma yana karantowa, ni ina bi a takarda. Ta dace da wadda ke jikin ƙofa, ta dace da ta takardun. Ta fara da MR0, alamar a Tailan aka haɗa ta. Waɗanda aka haɗa a Afirka ta Kudu da AHT suke farawa. Ya shafa kewayen lambar da yatsa don ya ji ko an taɓa goge wurin an sake bugawa.

Muka fita gwaji, dillalin na tsakiyarmu. A kan kwalta Baffa ya saki sitiyari na ɗan lokaci, ta tafi sak. Ya taka birki da ƙarfi, ba ta karkata ba. Ya nemi hanyar burji, ya sa ta a H4, wato giyar da taya huɗu ke ja, sannan ya tsaya ya sa L4, ta jan taya huɗu a hankali da ƙarfi, duk suka shiga suka fita ba gardama. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in yi tafiya a kan busasshiyar kwalta da taya huɗu na ja, don irin wannan motar ba a yi ta don haka ba, ƙarafan cikinta ne za su ɗaure. Aibinta bai ɓuya ba: shakazoba ɗaya na yoyo, ganyen sifirin ɗaya ya tsage, tayoyin kuma sun tsufa. Ya nuna min alƙaluma huɗu a gefen safaya, 3113, wato mako na 31 na shekarar 2013. Zanenta bai cinye ba, amma gefenta duk ya tsattsage.

Da waɗannan ukun muka yi ciniki, aka rage abin da aka rage. Yini na biyu kacokan a kan takardu ya ƙare. Mun je ofishin rajistar motoci aka duba mana ko an taɓa kai rahoton sace ta, muka nemi takardar da ta nuna kamfanin ginin ya sayar wa dillalin, aka rubuta yarjejeniya da lambar shasi da ta injin da abin da mita ta nuna, shaidu suka sa hannu. Ta banki na biya, cikin asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan rasit. Da yamma wani gareji ya juye mana baƙin mai, ya sauya filtoci da ganyen sifirin, muka sa sababbin tayoyi.

Da asubar kwana na uku muka kamo hanya. Kafin mu fita gari Baffa ya sa aka ɗora buhu huɗu na yashi a bodi, daidai saman tayoyin baya. A-kori-kura, in ji shi, don kaya aka yi ta, kusan tan guda take ɗauka. In babu komai a bayanta sai ta riƙa tsalle a gargada, a jiƙaƙƙiyar kwalta kuma bayan ya nemi zamewa. Na ga amfanin yashin wajen hantsi, da ruwa ya tsuge mana a wata doguwar kwana, motar ta bi ta lafiya lau.

Hanyar da muka bi cikin duhu sai ga ta a fili: gonaki sun yi kore shar, gada a kan kogi da ya cika ya batse, ƙauyuka na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Baffa bai kalli ko ɗaya ba. Idonsa na kan allurar zafin injin, kunnensa na ƙasa. Sau biyu ya sa na tsaya ya taɓa kowace taya da bayan hannu, ya leƙa ƙarƙashi ko wani abu na ɗiga. Bayan azahar muka iso wani hawa mai tsawo, inda manyan motoci ke rarrafe a giya ɗaya. Na sauko giya uku, na ba ta wuta. Tana hawa yana kallon allurar, ni ma ina satar kallonta. Har muka kai ƙoli ba ta gota daga tsakiya ba.

Ya ce, "To, madalla." Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya jingina kansa da gilashi. Ba mu yi kilomita biyar ba na ji numfashinsa ya sauya. Na rage gudu kaɗan saboda ramuka, na ci gaba da tuƙi, saura awa huɗu mu isa gida.