Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Konseyen Unguwarmu

Makon jiya na tsaya a ranar da aka maido ni Maraɗi daga hannun kakata, ina rungume da ƙullin kayana a bayan motar kasuwa, ina kuka shaɓe-shaɓe. Yau labarin Baba ne. Na so in jinkirta shi, amma duk ta inda na ɓullo sai in tarar nawa ba ya tafiya sai ya bi ta cikin nasa.

Baba tela ne. Da keken ɗinki aka san shi, a wata rumfa kusa da babbar kasuwa, kafin siyasa ta zo ta same shi har gida. A ranar 24 ga Yulin 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, bayan an yanka ƙasar nan kwamin 265, birnin Maraɗi ya samu uku. Dattawan unguwarmu suka zauna a zaurenmu suka ce sunansa suke so a jerin 'yan takara, don ya yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, yana karanta Faransanci, kuma shekara da shekaru bai taɓa cin yadin kowa ba. Inna tana jin su daga bayan ƙyaure. Da suka watse ta ce, "Malam, to wa zai ɗinka wa mutane kayan salla?" Ya ce ai zama huɗu ne kacal a shekara.

Rabin gaskiyar ya faɗa. A lokacin majalisa duk wata uku take zamanta na doka, kuma konseye, wato ɗan majalisar ƙaramar hukuma, ba shi da albashi, sai ɗan kuɗin zama da ba ya kaiwa ko'ina. Amma mutanen unguwa ba ruwansu da ranar zama. Zaurenmu ya koma ofis. Kafin a sauko daga sallar asuba za ka ji sallama: wannan an kama masa akuya tana yawo, wancan maƙwabci ya sako masa ruwan wanka a ƙofa, waccan an ninka mata kuɗin rumfa. Da damina kuwa, idan ruwa ya gangaro daga tudu zuwa Gulbi yana cin titi yana kada katangu, Baba da fitila a hannu yake kwana.

Shekararsa ta farko ta faɗo cikin yunwar 2005. Damina ta yanke da wuri, fara ta bi bayan abin da ya rage, tiyar gero ta fi ƙarfin talaka. Mata suka dinga shigowa daga ƙauyuka da yara masu tamowa zuwa wurin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, wadda ba ta san kowa a gari ba sai a nuna mata gidan konseye. Akwai daren da na ƙirga baƙi goma sha ɗaya a tsakar gidanmu. Baba ne ke cewa "ku shigo", amma tukunyar ta Inna ce. Tana cikin ƙungiyar asusu ta Mata Masu Dubara, irin wadda aka fara a yankinmu tun 1991, kuma daga akwatin nan ta dinga cin bashi tana auno hatsi, tana biya da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Sai da ta kai bayan babbar salla ta shekara ta gaba kafin ta fita daga bashin. Ban taɓa jin ta yi masa gori ba. Ni dai na yi, a zuci, sau ba adadi.

Aikin da ya fi cin ransa shi ne takardar haihuwa. Yawancin yaran unguwa a ɗaka aka haife su, ba wanda ya je ya sanar, kuma idan wa'adin sanarwa ya wuce sai an bi ta wurin alƙali da shaidu. Iyaye ba sa tunawa sai yaro ya kai ajin jarrabawa an ce ba a karɓar sunansa. Baba yana da wata tsohuwar jakar fata da yake ratayawa a babur, cike da takardun 'ya'yan mutane. Ya bi layi, ya tsaya shaida, wani lokaci ya biya kuɗin tambari daga aljihunsa, keken ɗinki kuwa na can ƙura ta rufe.

To, a 2006 na kai aji shida. Wata safiya mushe (’yan Najeriya kada ku yi dariya, haka muke kiran malamin lakwal) ya karanto sunayen waɗanda ba su kawo takarda ba. Mu bakwai ne, har da ni. Ajin ya fashe da dariya. Wani yaro ya ce, "Ɗiyar konseye!" Shi kansa yaron, Baba ne ya yi masa tasa.

Ni ce 'yar fari. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da wannan ke nufi a wurin mutanen da. Baba bai taɓa kiran sunana ba, "ke" nake, ko "yarinyar nan". Da aka haife ni kunya ta hana shi zuwa ya rubuta ni, da aka yaye ni aka miƙa wa kakata, magana ta bi ruwa. Ko da ya zama mai yi wa gari takarda, a ganinsa rashin ta-ido ne a gan shi yana rawar jiki kan ɗiyarsa ta fari. Na dawo gida na ƙi cin abinci. Inna ma ba za ta iya yi masa maganata kai tsaye ba, ita ma kunyar ce, sai ta aika wa ƙanensa. Baffana ne ya kai ni, shi ya nemo shaidu. Aka rubuta mini 1 ga Janairun 1994, alhali Inna ta ce da damina aka haife ni, gero na fitar da kai, kafin a karya darajar kuɗinmu na sefa. Har yau da ranar haihuwar aro nake yawo.

Na daɗe ina riƙe da abin nan. Mutane suna cewa al'ada ce, kuma na yarda al'ada ce, amma yarinya 'yar shekara goma sha biyu da aka yi wa dariya a aji ba ta san wannan ba.

Sauran shekarun ba zan ja su ba. Juyin mulkin Fabrairun 2010 ya rushe majalisu, ya koma kan kekensa, zaɓen Janairun 2011 ya maido shi. Wa'adin nan aka yi ta ƙara masa kwana har zaɓen 13 ga Disamban 2020. A tsakani aka yi Maraɗi Kwalliya, shirin gyaran gari don bikin ranar jamhuriya, a 2015, gari ya sha kwalta da fitilu, ya sha zagin waɗanda gyaran titi ya tashi rumfunansu kamar shi ya ja layin. A Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun gaba ɗaya, ta naɗa masu riƙo. Ya rataye jakar a ƙusa, idonsa ma ya fara gazawa wurin zura zare.

Bayan girbin shekarar nan ne matasan unguwa suka haɗa kuɗi suka ce za su karrama shi. Ba hukuma, ba jam'iyya. Aka kafa rumfa a ƙofar mai unguwa, aka jera kujerun roba, aka ɗauko lasifikar masallaci. Liman ya buɗe da addu'a. Sannan wani malamin lakwal, cikin waɗanda suka shirya taron, ya ce duk wanda konseye ya yi wa takardar haihuwa ya miƙe. Na ji ƙarar kujeru ta ko'ina. Masu kabu-kabu, matan aure da goyo, wani soja da ya zo hutu, har da yaron nan da ya yi mini dariya, yanzu da gemunsa. Ni ina zaune.

Suka ba shi babbar riga. Ya karɓa, ya juya bakinta yana duba ɗinkin, aka yi ta dariya, don kowa ya san hali. Maroƙi na ta zuba kirari, ba wanda ya ambaci Inna, tana can bayan gida kan tukwanen shinkafar taron. Sai wata tsohuwa ta taso da sandarta ta karɓe lasifikar ba tare da an ba ta ba. Ta ce ita a shekarar yunwa ta kwana goma sha bakwai a gidan nan da jikanta, kuma ba konseye ne ya dama mata kunu ba. Mata suka ɗauki guɗa. Aka jawo Inna, hannu duk toka, tana rufe fuska da gyale.

Daga ƙarshe aka miƙa masa takardar yabo cikin gilashi. Ya riƙe ta nesa da idonsa ya karanta, ya ce Allah ya saka da alheri, ya ce wanda ya ɓata wa ya yafe masa. Da taro ya watse ina tattara kujeru, sai na ji shi a bayana.

"Ke."

Na juyo na durƙusa. "Na'am, Baba."

"Riƙe wannan a wurinki. Duk gidan nan ke kika fi sanin zafin takarda."

Bai dube ni ba, ya wuce masallaci, don an kira la'asar. Ashe shekara goma sha takwas yana sane. Takardar na nan rataye a ɗakina, sama da keken ɗinkinsa da ya bar mini bara.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma 2006, in ba ku labarin jarrabawar da yadda kakata ta zo har Maraɗi da goron aurena a ƙulle a bakin zane, sakamako bai ko fito ba.