Ƙarar da Kankare Ke Yi da Asuba

Aikina a ginin wata madatsar ruwa shi ne sauraron kankare. Ƙananan na'urori muke mannawa a jikin bango da giris, su kama ƙarar da kankare ke yi in ya fara tsagewa ta ciki. Kunnen mutum iyakarsa wajen kilohaz 20, su kuwa sama da nan suke ji. Kowacce sai mun karya bakin fensir mai kaurin milimita 0.5 kusa da ita, mun ga ta ji, sannan mu yarda da ita.

Da rana kam hayaniya ce zalla: rola, injin girgiza kankare, tifa na juye tsakuwa. Shi ya sa da na kai wa wakilin ɗan kwangila rahoton cewa wani ɓangaren bangon yana ƙara, ko duba takardar bai yi ba. "Injiniya, rolarmu kake ji." Na ce, "Ranka ya daɗe, rolar da ke aiki ƙarfe huɗu na asuba?"

Lokacin hunturu ne. Siminti in yana kamawa zafi yake fitarwa, kuma a gini mai kauri irin wannan zafin ya kan daɗe a ciki. Ma'aikatan ɗan kwangila sun cire katakon da ke riƙe da kankaren da wuri don sauri, sanyin dare ya bugi fuskar bangon ta takure, cikin kuwa na nan da zafinsa. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce kada bambancin zafin ciki da na waje ya wuce digiri 20 na Celsius. Ya wuce.

Abin da ke ci mini rai har yau, da tamfol da jiƙaƙƙun buhuna aka rufa tun ranar da na yi magana, da shi ke nan. Sai da tsagar ta fito fili, ido ya gani, aka tsayar da aiki, aka huda, aka ɗura ruwan siminti. Kuɗin da ya tafi ya ninka na tamfol ba adadi.

Duk mai irin wannan aiki, ya sa a rubuta masa lokacin kunna kowane inji da na kashe shi, ya ajiye kusa da awon zafi. Rahotonka kuma ka tabbatar an sa hannu an karɓa, da kwanan wata. Nawa shi ya cece ni ranar da aka zauna neman mai laifi.