Jiran da ban saka a lissafi ba

Har yau idan na tuna ranar da Baba ya zauna a kan bencin asibiti tun la'asar har aka kira magariba, sai raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi.

Gida bakwai ne a layinmu a unguwar Bolari, cikin garin Gombe, da asibiti ya zame musu wajen zuwa kullum: Baba da wankin ƙoda sau biyu a mako, mata biyu masu awon ciki, wata tsohuwa da ake yi wa gashi bayan shanyewar ɓarin jiki, sauran kuma masu hawan jini da ciwon sukari. Babu mai neman motar gaggawa a cikinsu, amma rashin kuɗin mota kaɗai kan sa mutum ya tsallake ranarsa. Ni na kawo shawarar mu riƙa zubi kamar adashe, mu ɗauki shatar Keke Napep ɗaya. Tara kuɗin bai ba mu wahala ba.

A wajen ciniki na yi ɓarna. Na lissafa zuwa da dawowa, na lissafa mai, na biya kuɗin wata guda a dunƙule ina ganin na yi dabara. Jira ne ban lissafa ba. Wankin ƙoda kusan awa huɗu ne a kan na'ura, ban da layi. Shi kuwa mai keke akwai balas da zai kai wa mai ita kowace yamma. Mako biyu ya daure, a na uku ya zame ya tafi neman fasinja wajen Tumfure, waya kuma ta mutu. Wanda ya taso daga wanki jiri ke ɗibarsa, ba mai ɗora shi a achaɓa.

Da na tare mai keken da faɗa sai ya ce, "Anti, awa huɗu ina zaune, me zan kai wa oga?" Ban samu abin cewa ba.

Muna cikin wannan aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, cinikin wata ya watse, kuɗin da na biya kuma ba su dawo ba.

Yanzu ba shata, ba biyan gaba. Zuwa daban, dawowa daban, ana sauka ana biya. Masu keke uku ne a hannunmu, saura rabin awa a cire Baba daga na'ura nake fara kira. Masu hawan jini da masu sukari mun roƙa an haɗa musu rana ɗaya, mutum uku suna raba kuɗin keke guda. Ranar Baba kuwa nakan ajiye kuɗin dawowa a aljihun rigarsa, kuma sai na kira har sau biyu, ko da mai keken ya ce min yana bakin ƙofa.