Daga Yelwan Yauri Zuwa Aliero da Katifa a Naɗe

Motar da na shiga a tashar Yelwa Sharon ce, irin wadda ba ta tashi sai an cusa mutum biyu a gaba. Kayana sun fi ni cin kuɗin mota: katifa a ɗaure da igiya, bokiti, risho, rabin buhun garin kwaki, ƙuli-ƙuli, da kwalin bandar kifi da Inna ta kwana tana shiryawa, wai ɗan Yauri ba ya zuwa baƙon wuri hannu rabbana. Baba bai tsaya dogon jawabi ba. Ya ƙirga min kuɗi, ya ce, "Ka riƙe salla, kuma ka san da wa kake haɗa kwano." Sai ya buga babur ɗinsa ya tafi.

Kafin mu kai Koko rana ta fara cizo. Saurayin da ke gefena tun a tasha yake kallon katifar nan yana murmushi, can dai ya kasa haƙuri. "Jambito ne ko?" Haka ake kiran sabon ɗalibin jami'a. Ashe shi ɗan aji uku ne a jami'ar da na nufa. Daga nan har Maiyama bai bar ni na kalli hanya ba. Ya ciro biro, ya juya bayan wata tsohuwar takarda a kan gwiwarsa, ya fara zana min yadda ake lissafin sakamako, mota na tsalle biron na zamewa. Maki 70 zuwa sama A ne, yana ba ka biyar. Daga 60 zuwa 69 B, huɗu. Daga 50 zuwa 59 C, uku. Kowanne a ninka shi da nauyin kwas ɗin, a tara, a raba da jimillar nauyin kwasa-kwasan. Mai son digiri mai daraja ta ɗaya sai ya tsaya a 4.50 ko sama, kuma abin da ka samu a zangon farko yana bin ka har ranar fita.

"Ƙanena," in ji shi, "a aji ɗaya kasuwar maki take da araha. Lissafi, fizis, kimistiri, bayoloji, yawanci abin da ka baro a sakandare ne aka ƙara wa nauyi. Wanda ya yi wasa da shi zai ƙare shekarunsa yana faci." Ya ce kwas ɗin da ka faɗi ba ya tafiya ko'ina, kariyoba ne, baɗi za ka zauna da ƙannenka ku sake shi tare.

A Jega muka tsallaka gulbi, fadama ta yi kore shar da shinkafa. Nan hanya ke rabuwa, ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ɗaya Sakkwato, nan kuma muka sake mota. Wani dattijo mai fataucin albasa ya matsa min wuri, ya dubi bokitina. "Yaro, makaranta za ka? To abu biyu ba ka rasawa garinmu, albasa da mai ɗori." Bai yi ƙarya ba. Tun kafin ka ga gidajen Aliero hancinka zai shaida maka ka iso, ga rumbunan kara na ajiyar albasa a bayan gari, ga manyan motoci ana loda musu buhuna zuwa kudu. Jami'ar kanta a 2006 aka kafa ta, zamanin Gwamna Adamu Aliero, ɗan garin, da sunan jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi. Yanzu tana ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo na Gwandu.

Rijista da neman ɗaki sun wuce kamar yadda suke wucewa ga kowa. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne rashin ƙararrawa. Na fito daga makarantar kwana, inda ƙarfe ke tashe ka, ƙarfe ke kai ka ɗakin cin abinci, firfet na bayanka da bulala. A nan in ka ga dama ka yi barci har azahar, babu mai cewa uffan. Lakcara zai shigo ƙarfe takwas, ya yi ta zuba Turanci ga ɗaruruwan mutane, ya tattara takardunsa ya fita bai san sunan kowa ba. A ganina wannan sakin, ba wuyar karatu ba, shi ke kayar da yawancin 'yan aji ɗaya, musamman mu da aka saba tuƙawa.

Sai kuɗi. Tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND, asusun lamunin ɗalibai na gwamnatin tarayya, mai ba da naira 20,000 a wata na ɗawainiya, amma wanda ya ce zai riƙa saye a gidan abinci safe da dare, kafin tsakiyar wata zai koma shan gari. A ɗakinmu akwai ɗan Zuru, akwai Bakabe daga Argungu da ke ce min "mi kaka so" in yi ta dariya, shi ma yana dariyar tawa Hausar, akwai wani Bayerabe da ya iya miyar da ke sa hawaye. Da farko kowa da tukunyarsa a ƙarƙashin gado, ana kallon juna. Ƙamshin kifin Inna ne ya fara jawo su, daga nan muka koma tukunya ɗaya: mai shinkafa ya kawo, mai manja ya kawo, albasa kuwa ko ba ka saya ba wani ɗan gari zai miƙo maka.

Muka liƙa takarda a bayan ƙofa, gefe ɗaya jerin masu girki, ɗaya gefen jadawalin lakca. Ɗan Zurun nan, da yake shi ne mai saurin tashi, aka ɗora masa tada kowa da asuba. Ni aka bar min wankin tukunya ranar Talata da koya wa Bakaben nan lissafi, shi kuma yana biya na da kimistiri.